Yayanka Ba “Guy” Ba Ne

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tsaya a wani shagon cajin waya, sai na ji wani yaro da bai wuce shekara 17 ba ya ce wa yayansa, wanda yake riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsu: “Guy, ba ni makullin mashin.” Ko ido bai ɗaga daga wayarsa ba. Yayan ya miƙa masa bai ce uffan ba, ni kuwa har yau abin yana ci mini rai.

Ƙannena, wannan kalma da ta zauna a bakinku asalinta sunan mutum ne, Guy Fawkes, wanda aka kama a Landan ranar 5 ga Nuwamba 1605 yana gadin ganguna 36 na albarushi da aka ɓoye a ƙarƙashin majalisar dokoki domin a hallaka Sarki James na ɗaya. Duk shekara sai a haɗa mutum-mutuminsa da tsummoki a ƙone, har “guy” ta zama sunan mai shigar banza. A Amurka ne ta koma nufin kowane namiji, yanzu kuwa har taron mata ana ce musu “you guys”. Daga ita muka samo gaye da gayu, a Turancin buroka kuma “guyman” ɗan damfara ne.

Tsakaninku sa'o'i ban hana ba, domin kalmar sa'a ce, kuma su kansu masu harshen ba sa tsayawa gaban alƙali su kira shi da ita. Amma yayanka? Kawunka? Malamin da ya koya maka baƙi? Na taɓa jin wani ya ce “wancan guy ɗin”, ashe limamin unguwa yake nufi. Kayan aro ba ya rufe katara, magana kuma zarar bunu ce. Galibi mai wannan baki shi ne mai wando a ƙasan ƙugu, mai gaida dattijo a tsaye hannu cikin aljihu. Ku gyara harshenku, iyaye kuma su daina dariya idan sun ji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun tashi a gidajen da uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari saboda alkunya, ƙane kuma sai ya durƙusa kafin ya ce Yaya. Wancan yayan na shagon caji a irin wannan gida ya tashi, kuma na ga yadda ya sunkuyar da kai sa'ad da yake zaro makullin daga aljihunsa.