An bar jaki ana dukan taiki a Iowa

Ran duk wani mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Jami'ar Iowa ya ɓaci a ranar 1 ga Janairun 2024, lokacin da Tennessee ta lallasa mu da ci 35 da nema. Wannan ne karo na uku a kaka ɗaya da muka tashi wasa ba ko maki ɗaya, domin Penn State ta riga ta yi mana 31, Michigan kuma ta yi mana 26 a wasan ƙarshe na Big Ten, gasar jami'o'in da Iowa ke ciki. Bayan ranar ba abin da aka riƙa yi sai zagin Deacon Hill, kwatabak ɗin da ke jefa ƙwallo yana jagorantar hari a lokacin, kuma wannan zagin ne ya fi ƙona mini rai.

Gaskiya ne Hill bai taka rawar gani ba, domin ko rabin ƙwallayen da ya jefa ba su isa hannun abokan wasansa ba. To amma wa ya ɗora masa wannan kaya? Yaron da ya zo daga Wisconsin a matsayin ɗan benci, aka tura shi fili ba shiri bayan babban kwatabak Cade McNamara ya ji rauni a gwiwa a karawa da Michigan State. Shi kansa McNamara, wanda ya kai Michigan ga lashe kofin Big Ten a 2021, da shi aka je Penn State hari ya matsa gaba da yadi 76 kacal a wasa guda. Kafin su akwai Spencer Petras, wanda a 2022 aka ci South Dakota State 7 da 3 a hannunsa ba tare da 'yan gaba sun kai ƙwallo gidan abokan hamayya ko sau ɗaya ba, har huɗu daga cikin makin bakwai 'yan baya ne suka samo su. Idan mutum uku suka hau kujera ɗaya duk suka faɗi, dole a tuhumi wanda ya tsara musu wasan.

Mai tsara harin nan kuwa Brian Ferentz ne, ɗan babban koci Kirk Ferentz wanda ke riƙe da ƙungiyar tun 1999. Tun 2017 Brian ya hau muƙamin, daga 2021 kuma shekara bayan shekara ana ganin koma baya, amma aka ƙi taɓa shi. Da kuka ya yi yawa, sai hukumar wasannin jami'ar ta sa masa sharaɗi a Fabrairun 2023 cewa ƙungiya ta riƙa cin maki 25 a kowane wasa, har da makin da 'yan baya suka ci a lissafin. Ko hakan bai samu ba, an ƙare kaka da ɗan abin da ya haura 15. Sai a ƙarshen Oktoba Beth Goetz, shugabar hukumar wasannin ta riƙo a lokacin, ta sanar cewa ba zai dawo ba, amma aka bar shi ya ƙarasa kakar, mu kuma muka ci gaba da cika filin Kinnick cikin sanyi muna kallon abin takaici. Abin kunya ne a ce ɗan wasan da aka fi yi wa tafi shi ne Tory Taylor, wanda aikinsa shi ne buga ƙwallo da ƙafa ya mayar wa abokan hamayya idan hari ya gaza.

Masu kare koci suna cewa ai an ci wasa 10. An ci, amma guminsu Phil Parker, mai tsara tsaron baya, ne da 'yan bayansa irin su Cooper DeJean, sannan da raunin ƙungiyoyin rukunin yamma na Big Ten da Iowa take ciki. Wannan rukunin ya ƙare, domin daga 2024 an rushe rukunai, kuma Oregon da Washington da USC da UCLA sun shigo gasar. Ba za a ƙara zuwa wasan ƙarshe da maki goma sha wani abu ba.

A 2024 an ɗauko Tim Lester, tsohon kocin Western Michigan, ya tsara hari, kuma ina yi masa fatan alheri. Sai dai ya fara aiki ne da McNamara wanda aka yi wa tiyatar gwiwa sau biyu, a ƙarƙashin babban kocin da ya shafe shekaru yana nuna cewa ya fi son a mayar da ƙwallo da a yi kasadar jefa ta. A lokacin muna buƙatar Kirk Ferentz ya sakar wa Lester mara, ya kuma nemo wani kwatabak mai lafiya kafin watan Agustan 2024.