Ku ƙyale muryar Ummu Kulsum ta huta

Tun a 2019 aka soma wannan abu, lokacin da aka yi amfani da na'urar haske aka nuna siffar marigayiya Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar, kamar tana tsaye a kan dandamali a Al-Ula ta Saudiyya, jama'a suka biya kuɗi suka zauna suna yi wa haske tafi. Daga nan aka kai wasan Dubai da Alƙahira. A 2023 kuma mai tsara kiɗa Amr Mustafa ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya ɗora muryarta a kan wata sabuwar waƙa tasa, alhali matar ta rasu tun ranar 3 ga Fabrairu, 1975. Yanzu abin ya zama ruwan dare, duk mai waya a hannu yana iya sa ta rera abin da ya ga dama. Wai karramawa ce. Ni kam abin yana ƙona mini rai.

Da masu wannan aiki sun san rayuwarta, da sun ji kunya. 'Yar limamin ƙauye ce daga Tamay al-Zahayra a lardin Daƙahliyya. Da karatun Alƙur'ani ta buɗe baki, kuma daga nan ta samo fitar haruffa tsaf-tsaf da Larabawa ke yaba mata har gobe. Mahaifinta yana sanya mata kayan maza ya riƙa zagayawa da ita ƙauyuka suna begen Annabi a wuraren biki, don kada a ce 'yarsa mace ce ke waƙa a gaban jama'a. Da ta koma Alƙahira a farkon shekarun 1920, 'yan birni sun yi mata kallon baƙauyiya. Ta sa kai ta koyi adabin Larabci, ta zauna da marubucin waƙa Ahmad Rami da masu kiɗa irin su Muhammad al-Ƙasabji da Riyad al-Sunbaɗi, har ta kai ita ke zaɓen wanda za ta yi aiki da shi.

Zaɓi shi ne ƙashin bayan sana'arta. Ita ke tantance baitin da zai shiga bakinta, tana sa marubuci ya sauya kalma idan ba ta kwanta mata ba. Ita ke cinikin kwangilarta da kamfanonin faifai da gidan rediyo, a zamanin da ake ganin mace mawaƙiya ba ta da ta cewa. Ta yi shekaru tana shugabantar ƙungiyar mawaƙan Masar. To matar da ta ƙare rayuwarta tana tsare abin da zai fito daga bakinta, ita ce yau ake cusa wa kalmomin da ba ta taɓa gani ba, don an san ba za ta tashi ta ce a'a ba. Wannan cin amanar mamaci ne, ko da wane suna aka raɗa masa.

Sannan abin da na'urar ke kwaikwayo ma ba shi ne Ummu Kulsum ba. A daren Alhamis ta farkon kowane wata, lokacin da rediyon Masar ke watsa wasanta kai tsaye, waƙa ɗaya kan kai awa guda. Tana maimaita baiti ɗaya sau da yawa, kowane karo da sabon salo, gwargwadon yadda masu sauraro suka amsa mata. Su roƙe ta ta sake, ta sake ta wata hanyar da ba su zata ba. Na'ura ba ta jin ihun mutane, balle ta ba su amsa.

Masu cewa ta haka matasa za su san ta, sai su faɗa mana wane matashi ne ya rasa faifanta a intanet. Masu cewa an nemi izinin magada kuma sun manta cewa haƙƙin kuɗi ake gada, yardar mutum kan abin da zai furta tana bin sa kabari.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ga ta nan da ranta a fina-finai shida, amma ba su ake tallatawa ba. Widad na 1936 shi ne fim ɗin farko da Studio Misr, kamfanin shirya fina-finai da attajiri Ɗal'at Harb ya kafa, ya fitar, har an nuna shi a bikin fina-finai na Venice. A cikinsa da Dananir na 1940 da Sallama na 1945 ta fito a matsayin kuyanga mai waƙa a zamanin daulolin Musulunci na da. A Fatma na 1947 ta fito a matsayin ma'aikaciyar jinya 'yar talakawa da ɗan masu kuɗi ya aura a ɓoye sannan ya juya mata baya. Daga shi ta bar fim da kanta, ta koma dandamali. Duk wanda ke son ganin fuskarta da jin muryarta tun tana da ƙuruciya, nan zai je.

Kuɗin da ake zubawa a wasan haske, a karkatar da shi wajen gyara waɗannan fina-finai da fassara su. Hukumomin Masar kuma su yi doka da za ta hana ɗora muryar mamaci a kan kalmomin da bai furta ba, ko da magadansa sun sa hannu.