Ga mai hatimin haya

Jiya wani ya sake tsoma baki, wai injiniyoyin "can sama", wato mu na Arewa, lasisinsu na alfarma ne, shi ya sa madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024. Ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ranka ya daɗe, rajista ɗaya ce a ƙasar nan, COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ke riƙe da ita tun dokar 1970, kuma ba ta da layin Arewa da layin Kudu. Digiri daga kwas ɗin da aka tantance, shekara huɗu ana aiki, sannan a zaunar da mutum a gaban manya ya kare abin da ya gina. Wanda ya bi wannan layi ba ya ba da hayar hatiminsa. Wani kuwa zane ake aiko masa ta WhatsApp, ya buga hatimi, kuɗi su shigo, bai taɓa taka filin ba.

Hatimin haya ba ya auna rodi. Takarda ta ce milimita 16, ɗan kwangila ya sauke wanda bai kai ba, babu mai sa ma'auni. Kwaɓin 1:2:4 na siminti, yashi da tsakuwa ya koma yadda birkila ya ga dama, a malala ruwa don ya yi saurin zubuwa, alhali ruwan nan shi ke kashe ƙarfin kankare. Ba a ɗebi samfur an matse shi a kwana 7 da kwana 28 ba, ba a yi wa kankaren dakin ban ruwa na mako guda ba, an zare katakon tallafi kafin ya kama. Gwajin ƙasa kuwa, wa ya ga rahotonsa? Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40, ba a gaɓar kogin Ngadda na Maiduguri yake ba. Ranar ba mu ji bakin mai hatimin haya ba.

Sai kuma batun muhalli, wai majemun Kano sun lalata kogin Challawa. Gaskiya ne, kuma mu muka fi kowa faɗa: ruwan jima mai sinadarin kuromiyom ana iya ware shi, a zuba masa sinadarin da zai kwantar da shi, a tace a mayar cikin aiki. Masu masana'anta ne ke ƙyashin kuɗin. To shi fa, me ya ce kan yankin mai na Neja Delta? Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin ƙarshen ƙona iskar gas, har gobe wuta na ci. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 ya samu sinadarin benzin mai guba a ruwan sha na Ogale a jihar Ribas sama da ninki 900 na ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya, WHO. Takardun nazarin muhalli na irin waɗannan ayyuka, su wa ke sa musu hannu a biya su?

Kuma kada a sake ce mana cima-zaune! Masaƙun Kaduna sun durƙushe ne da rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri, wannan ko ɗan koyo ya sani. Alau kuwa madatsar tarayya ce da aka bari babu gyara, kuma gyara kuɗi yake so, kuɗin da ba injiniya ke saki ba.

In ya isa, ya manna lambar rajistarsa da lasisin bana a ƙasan wannan rubutu, haɗe da sakamakon gwajin kankare na ginin ƙarshe da ya buga wa hatimi. Namu suna nan a fayil.