Daren da na yi wa surukina walƙiya

Duk wanda ya san ni ya san ina da tocila goma sha ɗaya, in ban da matata, wadda har zuwa wannan dare take tsammanin bakwai ne. Mu huɗu ne masu wannan ciwo a unguwarmu, kuma tun lokacin da muka fara haɗuwa a shagon mai gyaran rediyo muna haska bango muna musu a kan wace ce haskenta ya yi shuɗi, wace ce ya yi ruwan ƙwai, muka kafa doka guda ɗaya wadda ba a taɓa ta: tocilar kirki ba ta zuwa aro. Kowannenmu yana ajiye wata ta musamman da muke kira tocilar aro, mai sauƙin kuɗi da sauƙin sarrafawa, wadda idan ta tafi ba ta dawo ba mutum zai iya yin barci. Tawa Convoy S2+ ce, makunninta guda a baya, ka danna ta kama, ka danna ta mutu. Ƙanin matata ya karɓe ta a goman ƙarshe na azumi da sunan zai je tahajjud da ita kwana biyu, har aka shiga watan Babbar Sallah ban sake ganin ko murfinta ba.

Saboda haka ranar da muka je gidan surukaina, saura kwana biyu Sallah, wadda ke aljihuna ita ce ƙaramar nan mai ƙwai huɗu da na yi odarta daga ƙasar Sin na jira ta mako biyar. Tsawonta bai kai tafin hannu ba, batirinta guda ɗaya ne, irin mai caji da ake kira 18650, amma idan aka sake ta gaba ɗaya tana fitar da lumen dubbai (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske), alhali tocilar waya ba ta wuce 'yan gomomi. Bayan sallar isha aka ɗauke wuta, kuma a cikin wannan duhu ragon layyar Baba ya tsinke igiya ya bar turke ya fice ta zaure.

Baba yana zaune a kan dakalin ƙofar gida tare da ladan da mai kemis da wasu dattawa biyu, ni kuma ina durƙushe a gefen tabarma kamar yadda ya kamaci suruki. Ya juyo wajen da nake ya ce, "Malam, an ce kai ne sarkin tocila. Ba mu ita mu duba bayan gida."

Akwai mutanen da ake iya ce wa batir ya ƙare. Uban matarka ba ya cikinsu, musamman idan ƙananan fitilun da ke ƙarƙashin gilashin tocilar suna ta ƙyalli shuɗi ta cikin aljihun rigarka kowa yana gani. Na ciro ta, na miƙa da hannu biyu, na fara cewa, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, sau ɗaya kawai za a danna," amma kafin in kai ƙarshen maganar ya riga ya karɓa.

A nan dole in yi wa waɗanda ba 'yan harka ba bayani kaɗan. Irin waɗannan tocila suna da wata manhaja a cikinsu da ake kira Anduril, kuma da makunni guda ɗaya ake yi mata magana, ta hanyar ƙidaya. Danna ɗaya, ta kama. Danna biyu, ta tashi da ƙarfi. Danna uku, ta yi ƙiftawa ta gaya maka ƙarfin batir, misali ƙifta huɗu sannan ɗaya, wato bolt 4.1. Danna huɗu kuwa, ta kulle kanta domin kada ta kama a aljihu, kuma daga nan duk dannawar da za a yi mata ba ta bayar da komai sai wani ɗan haske mai rauni, har sai an buɗe ta. Tana da tsarin sauƙi da aka tanada domin a ba baƙo, ina kuma sane da shi sarai, sai dai na cire shi tun ranar farko saboda ina ganin ya fi ƙarfin mutuncina.

Baba kuwa da tocilar ƙarfe mai manyan batura biyu ya girma, irin wadda ba ta kamawa sai an matsa mata. Ya danna makunnin da sauri sau huɗu cif, kamar wanda ya karanta littafin, tocila ta yi ƙifta ɗaya ta kulle. Ya sake dannawa ya riƙe, sai ga wani haske da ko aci-balbal ba za ta yarda a haɗa ta da shi ba. Ya haska tafin hannunsa bai ga layukan ba. Daga nan ya yi mata abin da ake yi wa tocila tun zamanin iyayenmu, ya buga ta a tafin hannu sau uku, da ya ga ba ta ji ba ya buga ta a gefen dakali, wanda na siminti ne. Na ji wannan ƙara a haƙorina.

Sai mai kemis ya yi gyaran murya. Ni da mutumin nan muna da tsohuwar ajiya. Shekara biyu da suka wuce ya nuna mini wani batir da ya saya a kasuwa an rubuta masa 9900 a jiki, wato yawan cajin da yake ɗauka, yana alfahari, na gaya masa cikin ladabi cewa batirin 18650 na gaskiya da ƙyar yake wuce 3500, kuma idan ya auna nasa a hannu zai ji ba shi da nauyi. Ya auna, ya ji, kuma bai yafe mini ba. Shi ne mai wata tocilar roba ja mai girman buta, wadda ke da rediyo a gefe da hoton zaki a kwali, wadda a cewarsa tana kaiwa kilomita biyar, alhali daga shagonsa ba ta kai bakin kwata. Tun daga ranar batirin duk inda ya gan ni sai ya ce injiniya, da wata irin murya da ke nuna ba injiniyan yake nufi ba. Ko da na je sayen maganin mura sai ya tambaye ni lumen nawa nake so. Na tabbata da a ce an ba shi zaɓi a daren nan tsakanin a ga ragon da a ga kunyata, da ragon ya kwana a waje.

"Injiniya," in ji shi, "wannan ita ce ta jirgin sama ɗin? Nawa ma aka saye ta?"

Na ce ba ta da tsada. Ƙanin matata, wanda ya taɓa leƙa wayata ranar da nake biyan kuɗin, wanda kuma tocilata ta aro take ɗakinsa a daidai wannan lokaci, ya buɗe baki ya faɗi kuɗin daidai, har da na dako. Ladan ya yi salati. Ɗaya daga cikin dattawan ya lissafa a fili cewa da an ƙara kaɗan da an sami tunkiya. Daga bayan ƙyauren zaure kuma na ji wata murya da na sani ta maimaita adadin a hankali, domin abin da na gaya mata a gida kashi ɗaya ne cikin uku.

Na matsa a durƙushe na ce, "Baba, a ba ni in buɗe ta." Kalmar buɗewa ma sai da ta jawo dariya, mai kemis yana tambaya ko da mukulli ta zo. Na karɓa hannuna yana rawa. Abin da na yi sau ɗaruruwa a ɗakina ido rufe, a nan sai lissafi ya ɓace mini. Na danna uku, wanda yake buɗe ta amma ya bar ta a kashe, ni kuma da na ga duhu sai na ɗauka ba ta ji ba. Na sake dannawa, ɗaya, biyu, a na uku babban yatsana ya manne bai tashi ba. Duk ɗan harka ya san abin da wannan yake nufi. Danna biyu da riƙe na uku shi ne ƙofar wasannin haske, kuma tocilar tana komawa kan wanda aka yi amfani da shi na ƙarshe. Kwana ɗaya kafin nan kuwa, da dare, na yi wa yara wasa da wanda yake kwaikwayon walƙiyar hadari.

Bakin tocilar yana kallon fuskar Baba, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba.

Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba, domin wannan tsari ba ƙiftawa yake yi a jere ba. Yakan yi shiru, sannan ya fashe da haske gaba ɗaya, ya dusashe a hankali, ya sake yin shiru har ka ɗauka ya gama, sannan ya sake fashewa. A fashewar farko na ga fuskar surukina kamar yadda ban taɓa ganinta ba cikin shekara tara, kowane gashin gemu a rarrabe, baki a buɗe, goro a kan harshe. A ta biyu hasken ya daki farin bangon maƙwabta ya dawo ya cika layin. Sallar ta faɗo a damina, an kuma yini ana zafi, don haka ladan ya ɗaga kai sama ya fara addu'ar jin tsawa tun tsawar ba ta zo ba. Daga cikin gida aka fara kiran yara su kwashe shanya su kife turmi. Wani mai babur da ya shigo layin ya juya ya koma. Ni kuwa maimakon in kawar da ita daga fuskar dattijo, sai na tsaya ina kallon makunnin ina ƙidaya a bayyane, "ɗaya, biyu," kamar ɗan aji ɗaya, har Baba ya sa hannun riga ya rufe ido ya ce, cikin natsuwar da ta fi zagi ciwo, "Malam, ragon ba ya fuskata."

Dannawa ɗaya tak ke kashe ta. Ban tuna ba sai da ƙanin matata ya miƙo yatsa ta kan kafaɗata ya danna.

Aka yi shiru na ɗan lokaci, kowa yana ganin kore-kore a idonsa. Mai kemis ne ya fara magana, ya ce shi dai ya san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma bai taɓa ganin wanda ya ja walƙiya ba. Ban ga abin dariya a ciki ba, har yanzu ma ban gani ba, amma dattijon da ya yi lissafin tunkiya sai da aka bubbuga masa baya.

Na daidaita ta a matsakaicin haske na sake miƙawa, Baba ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi kunama. Bai kai ga tashi ba sai ga wani almajiri yana janye da ragon, ya same shi a bayan injin niƙa yana cin dusa, kuma da tocilar wata tsohuwar waya mai madannai wadda aka ɗaure bayanta da roba ya gano shi. Aka ba yaron sadaka, aka sa masa albarka, mai kemis ya nemi a nuna mini wayar in duba lumen ɗinta.

Da na ɗauka an gama. Baba ya kashe tocilar ya jefa ta aljihun gaba tare da mukullai da goro, ni kuma nauyin baki ya hana ni in ce a murɗa murfin bayanta kaɗan, wanda shi ne yake yanke wuta gaba ɗaya. Ana cikin maganar farashin raguna ya sunkuya zai gyara takalmi, mukulli ya danne makunni, kuma riƙewa tana sa hasken ya yi ta hawa har ƙarshe. Sai da ladan ya ce yana jin ƙaurin guga kafin muka lura ƙirjin Baba yana haske ta cikin shadda. Ramin da ta yi bai fi girman kwabo ba, goron kuma ya gasu ta gefe ɗaya. Bai ce komai ba, ya dai ciro ta ya ajiye a kan dakali, ya tura ta nesa da shi da bakin takalmi.

Da za mu tafi na miƙa hannu zan ɗauka, sai ya ce a bar ta nan, zai sa a duba masa ita da rana. Yau mako shida ke nan. Na ji labari tana wajen Hajiya surukata, ta sake kulluwa, kuma tana jin daɗin ƙyallin shuɗin nan domin yana nuna mata inda ta ajiye carbi. Abokan harka sun yi zama a kaina a shagon mai rediyo, biyu suna cewa na karya doka, ɗaya yana cewa doka ba ta hau kan suruki ba, ba a dai cimma matsaya ba saboda an kawo wuta kowa ya tafi cajin batir. Matata ta ƙirga sauran ta samu tara. Tocilar aron ta dawo ranar Juma'ar da ta wuce, ba batir a ciki, kuma ƙanin nata yana tambaya ko ina da caja da ba na amfani da ita.