Murfin gora ya jiƙa min takardun shekara 35

Ranar Talata da rana tsaka na sauka daga keke a Kawo, nan cikin Kaduna, maƙogwarona kamar an zuba masa yashi. Tun bakwai na safe nake layin tantance 'yan fansho, ƙarshe aka ce na'ura ta ƙi, mu dawo jibi. Na tsaya wani shago na sayi ruwan gora, naira 300. Na murɗa murfin, ya ƙi. Na sa bakin riga, ya ƙi. Sai da na sa haƙori, ni mai jikoki, a bakin titi, sannan zoben ya tsinke. Na sha rabi, na mayar da murfin, na jefa gorar cikin jaka. Ban yi taku ɗari ba na ji sanyi a cinyata. Takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta ajiye aiki, duk sun sha sun ƙoshi. Tawadar hatimi ta bazu kamar shuni.

Na koma shagon, kuma Allah ne shaidata ba faɗa ya kai ni ba. Na ce, "Samari, dubi gorar nan, murfinta ba ya kamawa." Yaron bai wuce sa'an autana ba. Yana jingine da firiji yana latsa waya, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Baba, ai an buɗe." Na ce na sani, ni na buɗe, rufewar ce ta gagara. Na murɗa a gabansa, murfin ya zaga, ya zaga, ya dawo inda ya taso kamar ɗan acaɓa a shataletale. Sai a nan ya ɗago. Bai dubi gorar ba, bai dubi takardun da ke ɗiga a hannuna ba. Wandona ya duba, daidai inda ya jiƙe, ya ɗan ciji leɓe. Ya ce, "To Baba, ni na ƙera murfin? Ko dai hannun ne ya tsufa?" Wasu biyu da ke kan benci suka kwashe da dariya. Ɗayansu, wai shi mai ba da shawara, ya ce, "A riƙa shanyewa gaba ɗaya mana, Alhaji."

Madalla. Hannun da ya yi shekara 35 yana riƙe alli, wanda ƙila shi ya koya wa uban yaron nan rubuta sunansa, shi ne mai laifi. Murfin lafiyarsa lau.

Ba yau muka fara ba. Kuɗin ruwan gora na hawa, murfi na ramewa, har ya zama kana matsa shi da yatsa biyu yana lanƙwashewa. Maiɗakina tana zoɓo da kunun aya. Gorunan da yara ke kawo mata, wasu ba murfi, wasu murfin wata gorar ne aka ƙaƙaba musu, sai ta yanki leda ta ɗora a bakin kafin ta murɗa. Injiniyarmu ke nan.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Jamus ya taɓa nuna min tasu gorar a waya. Tarayyar Turai ta yi doka a 2019, ta fara aiki ranar 3 ga Yuli 2024, cewa gorar roba ta abin sha da ba ta wuce lita uku ba, dole murfinta ya zauna maƙale da wuyanta bayan an buɗe, don kada ya ɓace ya ƙare a bakin teku. Shekara biyar aka ba kamfanoni su shirya. Wai kukan mutanen can shi ne murfin yana gogar musu hanci in suna sha, har masu ƙira suka fito da wanda ake tura shi baya ya tsaya cak. Hanci! Allah ka ba mu irin wannan matsalar.

Mu a nan wa ya taɓa zama don murfi? An buga lambar rajista a jikin gora, an karɓi kuɗin rajistar, shi ke nan. Ko a cikin masu buga lambar akwai wanda ya taɓa murɗa murfin ya kifa gorar ya gani? Je ka leƙa kwatocin Tudun Wada ko Rigasa. 'Yan bola jari sun tsince gorunan, murafan nan shuɗi da ja da fari suna kwance cikin leda sun toshe hanya. Ruwan Agusta ya sauko ya shiga ɗakunan mutane, sai wani mai babbar riga ya hau rediyo ya ce talaka ne ƙazami. Legas ko ba komai ta hana robar zuba abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024. Kuma ma me ya kai ni sayen ruwa tun farko? Kogin Kaduna ya ratsa garin nan ta tsakiya, amma famfon gidana in ka buɗe sai huci.

Takardun suna nan kan tabarma a tsakar gida, na danne su da duwatsu. Ta ajiye aikin ta manne da ta ƙarin girma, maiɗakina na ɓamɓare su a hankali da bakin cokali. Hatimin dai ba ya karantuwa, kuma jibi bakwai na safe nake layi.