Tsutsar siliki ba ta san waya ba, amma ta san zafi

Zamana a Bengaluru ta ƙasar Indiya ya sa na saba da hanyar Ramanagara, garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dunƙulen siliki (wato ƙunshin zaren da tsutsar ke naɗe kanta a ciki) a Asiya. A can na fara gane cewa kiwon tsutsar siliki ya fi kama da jego fiye da noma. Cikin kwana 25 zuwa 28 take girma, tana saɓa sau 4, abincinta ganyen wata bishiya ne da ake kira malbari, kuma nauyinta yakan ninka kusan sau 10,000 kafin ta naɗe kanta da zare. Tana ƙarama tana son ɗumi na digiri 26 zuwa 28 da laima mai yawa. Da ta girma sai ta bukaci ɗaki mai ɗan sanyi da iska. Laima ta wuce kima a kwanakin ƙarshe, sai cutar funfuna ta shigo, wahalar wata guda ta tafi a banza.

To, hanya biyu ake bi wajen kawo fasaha cikin wannan sana'a, kuma ni na san wadda na zaɓa.

A Zhejiang ta ƙasar Sin da Kumamoto ta Japan akwai masana'antun da ke kiwon tsutsa a rufaffen ɗaki duk shekara, da abincin da aka haɗa maimakon ɗanyen ganye, injina na ciyarwa, kwamfuta na riƙe da zafi da laima. Abin sha'awa ne, ban musa ba. Japan ma tana da uzuri, don masu kiwon nata sun tsufa, matasa kuma ba su gaje su ba. Amma jarin da ake zubawa ba na talaka ba ne.

A Karnataka kuwa, jihar da ta fi kowace samar da silikin malbari a Indiya, sana'ar tana hannun iyalai masu 'yar gona da rumfa a bayan gida. Abin da ya dace da su ƙarami ne: na'ura mai auna zafi da laima, ta aika saƙo a waya, ko ta kunna fanka da kanta. Da can sai mai gida ya tashi tsakar dare ya rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, bisa abin da jikinsa ya ji. Yanzu lamba ce ke tashe shi, kuma sai in akwai dalili.

Wanda ya fi burge ni shi ne gwanjon waya a kasuwar Ramanagara. Masu sayen dunƙule suna taya kaya ta manhaja, farashi na fitowa a fili, dillalin da ya saba raɗa a kunne ya rasa ta cewa.

Sai dai kada a ɗora wa na'ura abin da ba nata ba. Tun 1865 Louis Pasteur ya shiga binciken cutar febirin da ta durƙusar da silikin Faransa, kuma maganin da ya kawo shi ne a duba uwar tsutsar da ta yi ƙwai da madubin likita, a zubar da ƙwan mai cuta. Har yau da wannan ake aiki. Kwamfuta za ta iya saurin karanta hoton, amma wanda bai wanke rumfarsa da magani ba tsakanin kiwo da kiwo, ko waya goma ya rataya, asara zai kwasa. A wata rumfa da na shiga, na'urar tana bango tana ƙiftawa, mai gidan kuma sai da ya sa na tuɓe takalmi na wanke hannu kafin ya bar ni na leƙa tiren tsutsar.