Na'urar sikanin ba ta masu juna biyu kaɗai ba ce

A Sakkwato in aka ce "sikanin", kowa awon ciki yake tunawa. Ni kuwa ƙanena nake tunawa, ranar da ya faɗi da babur, hannun babur ɗin ya doke shi a ƙasan haƙarƙarin hagu. Ko ƙwarzane babu. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, aka ce buguwa ce, a gasa masa da ruwan zafi. Bayan isha'i sai ga shi yana ta neman ruwa, tafin hannunsa ya yi fari fat, yana kukan kafaɗar hagu. Ashe saifarsa ce ta fashe, jini na taruwa a ciki.

Saifa da hanta su suka fi jin jiki idan ciki ya bugu, kuma zubar jininsu ido ba ya gani. Ana gano ta da gwajin da likitoci ke kira FAST, wanda ake yi da na'urar sikanin. Ana ɗora kan na'urar a wurare huɗu: tsakanin hanta da ƙodar dama, gefen saifa, ƙasan mara, da kewayen zuciya. Jinin da ya kwanta yakan fito baƙi a allo. Minti biyar sun isa, majinyaci yana kan gadonsa. Idan an ga jini kuma awon jininsa na faɗuwa, tiyata za a nufa ba jira.

Gwajin yana da iyaka. Yakan tsallake raunin hanji, kuma da farko jinin na iya yin kaɗan har ya ɓuya. Don haka in hoto ya fito tsaf, a kwantar da mutum a sake dubawa, kada a sallame shi. Hoton CT, na babbar na'urar da ake tura mutum cikinta, ya fi nuna komi, to amma wanda mota ta kife da shi a hanyar Illela ko Tambuwal, ina shi ina CT da tsakar dare?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba zai ɗauki kowa ba. Ina kira ga gwamnatin jiha ta ajiye ƙaramar na'ura a ɗakin haɗari na kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, ta horar da likitocin da ke kwana aiki, don gwajin ya dogara ga gwanintar hannu. A daren ƙanena, asibitin farko da muka je suna da na'urar, amma ɗakin a kulle yake, mai makullin ya tashi tun la'asar.